Hoton Idon Iya Kinu

Sunana Mitsue, kuma shekarata goma sha tara ina ɗaukar hoton idanun mutane a wani asibitin koyarwa. Aikin ba shi da wuya. Mutum ya zauna gaban na'ura, ya ɗora haɓarsa, ya kalli ɗan koren haske, ni kuma in ɗauko abin da ke can bayan idonsa. Hoto biyu na'urar take bayarwa. Na farko mai launi ne, yana nuna tantanin bayan ido yadda yake. Na biyu na jijiyoyin jini ne, amma ba jijiyar kanta yake gani ba, motsin jinin da ke gudu a cikinta yake kamawa. Inda jini ke tafiya sai wurin ya fito fari kamar saiwar ciyawa. Inda ba ya tafiya, baƙi.

Likita Kurata, wanda nake aiki a ƙarƙashinsa, ya daɗe yana bin wani ciwon gado da ke makantar da maza. Da dundumi yake farawa tun suna samari, sai gani ya riƙa tsukewa kamar mai leƙe ta bututu, kafin su kai hamsin duhu ya rufe. Mata ne ke ɗauke da shi su ba 'ya'yansu maza, su kuma suna gani garau. Sai dai in ka leƙa bayan idonsu za ka ga ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa barkono. Jijiyoyin waɗannan matan Likita yake son gani.

Akwai wani tsibiri, Kazashima, tafiyar awa uku a jirgin ruwa, inda dangin Orikasa suka daɗe da wannan ciwo. Wata mata daga cikinsu, Harumi, ta aiko mana da sunayen mata takwas da suka yarda a ɗauke su. Muka loda na'urar a mota cikin watan shida, damina ta kankama, muka shiga jirgi.

Tun daga bakin ruwa igiyoyi ne a ɗaure daidai ƙugu, suna bin gefen hanya zuwa kowane gida, don makafi su riƙa kamawa. Sun yi baƙi, sun yi santsi saboda hannu. A barandar zauren taron gari, inda aka ba mu mu kafa na'ura, muka tarar da wani dattijo yana gyaran komar kamun kifi da lalube.

"Ku ne masu hoton?" ya ce. "To ku fara da ni. An ce ni ne kyakkyawan garin nan, ni dai ban gani ba."

Likita ya kwashe da dariya. "Yau ranar mata ce, Malam."

"Kullum ranarsu ce. Sunana Shozo. In kun rasa hanya ku tambaye ni, masu ido ne ke ɓata a nan."

Muka rufe tagogi da baƙaƙen labule, muka fara. Kafin rana ta take na ɗauki mata bakwai. Ta ƙarshensu ita ce mahaifiyar Shozo da Harumi, Iya Tatsu, tsohuwa 'yar shekara tamanin da ɗaya, gajera, mai kaifin baki.

"Likita, tun daga birni ka ɗauko wannan tulin ƙarfe don ka gaya mini abin da na sani?" ta ce, tana gyara zama. "Maza uku na haifa, uku na ja da hannu."

"So muke mu ga yadda jini ke tafiya a idonki, Iya."

"Yana tafiya. Da ya tsaya da kun ji kuka."

Da na nuna mata hotonta ta daɗe tana kallo. Farin saiwoyin na nan, amma da ramuka baƙaƙe a tsakaninsu nan da can. Ta ce, "Kamar ganyen da tsutsa ta ci." Ta miƙe ta nemi takalminta.

Harumi ta gayyace mu cin abinci a gidanta. Likita bai jira an maimaita ba, matan ma duk suka ɗunguma tare da shi, Shozo ya kama igiya ya bi bayansu. Ni na tsaya in adana hotunan, don na zo da 'yar shinkafata. Ina duba takardar sunaye sai na ga ɗaya ban sa masa alama ba: Kinu Orikasa, shekara tamanin da huɗu. Na ce a raina ko tana can tana jira a kira ta, tsofaffin ƙauye da kunya. Na tura ƙofa na leƙa. Ruwa ake tsugawa, ba kowa a hanya.

"Kinu Orikasa!" na kira. "Iya Kinu!"

Shiru, sai ƙarar ruwa a kwano. Na rufe ƙofa na koma wajen kwamfuta. Ina juyowa na ga wata tsohuwa a bakin tabarma tana jera takalmanta. Siririya ce, cikin riga shuɗiya mai duhu, furfurarta a ɗaure tsaf a ƙeya. Ban ji buɗe ƙofa ba, amma na ɗora laifin a kan ruwan.

"An kira ni," ta ce.

"Sannu da zuwa, Iya. Ki yi haƙuri, na bar ki kina jira."

"Ba komai. Na daɗe ina jira, 'yan mintoci ba za su ƙara komai ba."

Ta tako zuwa kujera tana ɗan jan ƙafar hagu. Na ɗauko maganin da muke ɗiga wa mutane don ƙwayar ido ta buɗe, na haska fuskarta, sai na ga babu buƙata. A buɗe suke, baƙi wuluk, hasken ma bai sa sun tsuke ba. Na ce wataƙila wani magani take sha. Da na dafa goshinta in daidaita mata kai, sai na ji kamar na dafa tulun da ya kwana a waje.

"Sanyi kike ji, Iya? In kawo bargo?"

"Bari kawai, 'yar nan. Na saba."

Tsofaffi wahalar ɗauka gare su. Ido ya yi rawa, su ƙifta, a sake, a sake. Ita kuwa ko gezau. Na'urar ta zuƙe hoton dama a tashi ɗaya, ta zuƙe na hagu. Ban taɓa samun mai haƙurinta ba.

"Shi ke nan, Iya, kina iya ƙiftawa."

"Au," ta ce. "Na manta." Ta ƙifta sau ɗaya, a hankali.

Ba ta tashi ba. Ta ɗora hannuwa a cinya ta fara magana tana kallon labule.

"Yayyena maza biyu duk sun makance. Ina shekara ashirin da biyu Genzo mai sassaƙar jirgi ya aiko neman aurena. Na ce a'a. Ba don ba na so ba. Ban ga yadda zan haifi ɗa in zauna ina jiran ranar da zai fara tuntuɓe da magariba ba. Shekara huɗu ya yi yana jira, sannan ya auro wata daga tsallake. Ƙanwata Tatsu ita ta rufe ido ta yi aurenta." Ta juyo gare ni. "Kin gan shi a ciki?"

"Likita ne ke faɗin sakamako, Iya. Sai ya duba tukuna."

"To. Gobe war haka zan dawo, ke za ki gaya mini."

Ta sa takalmanta ta fita. Wannan karon na ji ƙofar. Sai da ta tafi na tuna ba ta zo da laima ba, kuma rigarta a bushe take ƙarau.

Na buɗe hotunan. Mai launin ya yi kyau ƙwarai, tantanin a shimfiɗe sumul, babu ɗigo ko ɗaya. Na danna na jijiyoyi. Baƙi. Daga wannan kusurwa zuwa waccan, babu ko silin fari. Na buɗe na hagu, haka. Na ce na'ura ta lalace, na zagaya na ɗora tawa haɓar na ɗauki idona. Ga jijiyoyina nan fari tas, sun cika allon.

Ina tsaye ina kallon hotunan biyu Shozo ya turo ƙofa, ruwa na ɗiga daga hularsa. Babu wasa a fuskarsa yanzu.

"Malama, wa ya fita daga nan?"

"Iya Kinu ce."

Ya cire hularsa. Sannan ya ce, "Na ji jan ƙafar. Ta wuce ta gefena, har igiyar ta yi nauyi. Na ce ko kunnena ne ya fara tsufa." "Inna Kinu ta rasu yau kwana talatin da shida."

Na lalubi kujera na zauna, sai na tuna kujerar da ta tashi a kai ce, na miƙe zumbur.

Likita ya dawo yana sakace haƙori. Ya saurare ni, ya ciro wata takarda daga aljihu. Sabon jerin sunaye ne, an ja layi a kan na takwas. Harumi ta buga masa waya tun watan jiya, ya manta bai gaya mini ba.

"Wata tsohuwa ce dai ta rikice," ya ce. "Ko ana tsokanar ki."

"Wace tsohuwa, Likita? Ba da su ka ci abinci ba?"

Ya sa tabarau ya matso da fuskarsa jikin allo. Ya buɗe wannan, ya buɗe wancan, ya koma na farko.

"Wannan idon ba ya ɗauke da komai," ya ce a hankali. "Ko alama babu." Ya danna na jijiyoyin, ya kalle shi kamar daƙiƙa biyar, ya rufe kwamfutar. "Na'ura ce. Danshi ya shige ta. Kar ki faɗa wa kowa."

Amma Shozo ya riga ya kama igiya ya nufi gidan uwarsa.

Da la'asar iska ta taso, aka ce jirgi ba zai tashi ba sai gobe da yamma. Kafin rana ta faɗi Harumi ta zo ta ce Iya Tatsu na kira na, ni kaɗai.

Gidan na can saman tudu. A ɗakin tsakiya an kafa ɗan teburi da farin ƙyalle, a kansa akwatin ƙasusuwan mamaciyar, don a al'adarsu ƙone gawa ake yi, kuma ba a kai ƙasusuwan kabari sai an cika kwana arba'in da tara. Turaren tsinke na ci. Sama da akwatin akwai hoto. Ita ce, har da ɗaurin furfurar. Na durƙusa na sunkuyar da kai.

Iya Tatsu na zaune gaban ƙaramin teburin cin abinci. Kwanon shinkafa biyu ne a kai, da tsinken cin abinci na mutum biyu.

"Kullum da rana a nan take," ta ce, kamar mai ba da labarin maƙwabciya. "In na zuba sai in ji ta zauna. Ba ta magana, ni ce mai surutun, dama can haka muke. Yau ta makara, na ce ina Yaya ta tsaya? Ashe wurinki ta je." Ta zuba mini shayi. "Me kika gani?"

"Iya, ba a faɗa wa wani sakamakon wani."

"Ke, 'yar nan, raba ni da dokar asibiti. Ni na wanke ta."

Na faɗa mata. Ta ajiye butar shayin a hankali. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Shekara sittin muna gidan nan tare," ta ce. "Mijina ya mutu a teku da wuri, ita ta taya ni renon yaran. Ita ta ɗaura rabin igiyoyin da kika gani. Duk ranar da ɗayansu ya faɗi ya fasa goshi, tana wanke masa ciwon tana ce mini, 'Kin ga abin da na guje wa, Tatsu.' Ba da mugunta ba. Da wannan maganar ta rayu. In ta ga jikokin Genzo suna guje-guje a bakin ruwa, da ita take lallashin kanta." Ta kamo hannuna, tafinta da ɗumi, da kaushi. "Gobe in ta zo, ki ce kin gani. Ki ce yana nan fal. Me zai rage ki? In kika ce mata babu, shekara sittin kika kwashe kika zubar mata a teku."

Na ce zan yi tunani. Ta ce ba tunani ta roƙe ni ba.

Washegari ruwan ya tsagaita, sai hazo da ya sauko har bakin baranda. Likita ya ce zai zauna tare da ni, don a daina wannan shirme. Muka naɗe wayoyi, muka sa na'ura a akwatinta. Saura minti goma ƙarfe sha biyu ta buga sai ya duba agogo ya ce bari ya je ya ji labarin jirgi. Har ya manta hularsa.

Shozo na baranda da komarsa. "Ni ina nan, Malama," ya ce. "In ma wani abu ne, ba zan gani ba."

Na zauna a tabarma ina fuskantar ƙofar takarda da ta raba zauren da baranda. Na riga na shirya maganata: yana nan, Iya, kin yi daidai. Na maimaita ta ya fi sau ashirin.

Na ji Shozo ya daina motsi. Sannan na ji taku, ɗaya a ɗage, ɗaya a jaye. Inuwa ta bayyana jikin takardar, siririya, ta durƙusa. Ba ta buɗe ba.

"Na dawo, 'yar nan."

"Sannu, Iya."

"Kin duba?"

Na buɗe baki. Amma na kasa faɗin maganar da na shirya. Shekara goma sha tara ban taɓa ce wa mutum na ga abin da ban gani ba. Kuma wannan mata ta rubuta sunanta da ranta, ta mutu tana jiran jirginmu, ta taso daga inda ta taso don tambaya ɗaya tak.

"Ban ga komai ba, Iya," na ce. "Idonki sumul yake. Likita ma ya duba." Sai tsoro ya sa na ƙara, "Amma hoto ba ya yanke hukunci. Sai an gwada jini ake tabbatarwa."

Ta yi 'yar dariya, siririya, kamar ta yarinya. "Jini? Wannan kam an makara."

Ta gyara durƙuso ta ci gaba.

"Ke nan da na haihu, da sun gani."

"Alamu haka suka nuna."

"Har dare."

"Har dare, Iya."

Inuwar ba ta motsa ba. Na jira kuka, ko zagi, ko wani abin da ya fi su. Can sai ta ce, kamar da kanta take, "Genzo ɗa namiji yake so. Wai zai koya masa sassaƙa tun yana shekara bakwai. Na ce masa yaro zai sare yatsa." Ta nisa, ko kuwa ta yi abin da ya yi kama da nisawa. "To. Na ji. Na gode, 'yar nan, hannunki da sauƙi."

Inuwar ta sunkuya har ƙasa, ni ma na sunkuya. Da na ɗago babu komai jikin takardar sai hasken hazo.

Na ja jiki na tura ƙofar. Shozo na zaune, koma ta zame daga cinyarsa, ya karkata kai yana saurare, hawaye na bin kumatunsa.

"Ba hanyar gida ta bi ba," ya ce. "Ta yamma ta yi."

"Me ke yamma?"

"Da can rumfar masu sassaƙar jirgi. Yanzu ba komai, sai duwatsu."

Ƙarfe uku jirgi ya iso. Muna tura mota ciki sai ga Iya Tatsu ta gangaro, Harumi na riƙe da gwiwar hannunta. Ta wuce Likita ko kallonsa ba ta yi ba, ta tsaya a gabana. Kanta bai kai kafaɗata ba.

"Ba ta zo ba," ta ce. "Na zuba, na jira har shinkafar ta sandare."

Na sunkuyar da kai.

"Kwana goma sha biyu suka rage mini da ita. Sha biyu kacal. Na roƙe ki, ko ban roƙe ki ba?"

"Kin roƙe ni, Iya."

"To."

Ta juya. Harumi ta dube ni, ta bi uwarta. Jirgi ya yi ƙugi. A hanya ni da Likita ba wanda ya ce uffan, shi da ba ya iya awa guda bai yi maganar abinci ba.

Rahoton da ya rubuta daga baya mata bakwai ne a ciki. An kai na'urar wurin masu gyara, suka riƙe ta mako biyu, suka dawo da ita suka ce lafiyarta ƙalau. Ni kuwa na yi wata guda ina tsorata duk lokacin da wani ya daɗe bai ƙifta ba.

Da kaka ta yi, wani ƙunshi ya zo mini asibiti daga Kazashima. Busasshen kifi ne a naɗe cikin jarida, da 'yar wasiƙa daga Harumi. Ta ce sun kai Inna Kinu kabari ranar da kwanakin suka cika, an yi lafiya. Iya ta rufe gidan tudu ta koma wurinta da zama, tana ci, tana faɗa da kowa kamar da. Shozo yana gaishe ni. A ƙasan takardar, da wani rubutu daban mai karkarwa, an ƙara layi ɗaya: "Ban yafe ba tukuna. Amma ki ci kifin, kar ki bar shi ya yi fumfuna."